Idan ka gaji bindiga: abin da za ka yi kafin kwana goma sha huɗu su cika

Ranar sadakar ukun mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, bayan 'yan gaisuwa sun ragu aka miƙo mini makullin turakarsa, da yake ni ne babba. A daminar 2021 ne, a gidanmu na cikin birnin Zariya. Bayan ƙofa, a naɗe cikin tsohon buhun algarara, muka tarar da bindiga biyu. Ɗaya ta toka ce, wadda ya yi ƙuruciyarsa yana farauta da ita a dajin da ke bayan dutsen Kufena. Ɗayar kuma mai baki biyu ce, ƙirar Turawa, ga ɗan littafin lasisinta a cikin leda, duk ya yi ja saboda daɗewa.

Ƙanena ya riga ni kai hannu. Ya ɗaga ta tokar yana jujjuyawa, bakinta na kallon tsakar gida inda mata ke wanke-wanke. Allah Ya sa Kawu, ƙanen Baba, wanda shi ma tsohon maharbi ne, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, mayar da bakinta ƙasa, ka ajiye ta a hankali." Da ya duba, ashe a ɗure take. Shekara nawa ta yi a haka, Allah kaɗai Ya sani.

Gidaje da yawa a ƙasar Zazzau akwai irin wannan buhun a bayan ƙofa, ko a saman rumbu, ko a ƙarƙashin gado. Muna ta musu a majalisa kan ko ya kamata gwamnati ta bar kowa ya mallaki bindiga, alhali wadda ke cikin gidanmu ba mu san ko a ɗure take ba, ba mu san matsayinta a doka ba. Zan faɗi yadda muka bi da tamu, da abin da na koya a hanya, domin wanda zai tsinci kansa inda na tsinci kaina.

Abu na farko, duk bindigar da ka tarar, ka ɗauka a ɗure take. Kada ka leƙa bakinta, kada ka taɓa kunamarta don ka gwada ko tana aiki, kada ka bar yara su shigo kallo. Bindigar toka ta bakinta ake ɗura ta, saboda haka wanda bai saba da ita ba, ba zai gane da ido ko akwai albarushi a ciki ba. Kuma albarushin da ya daɗe ba shi da tabbas: wani ya sha sanyi ya mutu, wani kuwa yana nan da ransa. Ka kulle ɗakin, ka sa makullin a aljihunka, ka aika a kira maharbin da aka sani a unguwa, ko Sarkin Baka idan garinku akwai shi. Shi zai san yadda zai sauke ta, a bayan gari, nesa da mutane. Kada ka ce za ka harba sama don ta fita. Yawancin waɗannan bindigogi maƙera ne suka ƙera su da bututun ƙarfe, tsatsa kuma daga ciki take cinsu. Kowa a cikinmu ya san wani dattijo mai guntun yatsu wanda bindigarsa ce ta fashe masa a hannu. Tamu da Kawu ya goge ta, sai ga tsaga kamar silin gashi kusa da gindinta.

Ka duba ɗakin sosai, domin inda bindiga take, kayanta na kusa. Mu mun sami albarushi a cikin kwalbar turare, da harsasai bakwai a gwangwanin madara. Ka raba su da bindigar, ka nisanta su da madafa, da fitilar kananzir, da garwashin turaren wuta.

Sai ka san wace iri ce a hannunka

Dokar da ke kula da makamai a Nijeriya tsohuwa ce, tun ta 1959, kafin samun 'yancin kai, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku, kowane gida da mai ikon ba da izininsa.

Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula: bindigogin soja irin su AK-47, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu da ake sokewa a ƙugu. Waɗannan shugaban ƙasa ne kaɗai zai iya ba da izininsu, ka ga ke nan ni da kai ba ma cikin lissafi. Wanda aka kama da irinsu, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. Mutane da yawa ba su san cewa bindigar nan da ake jan hannunta ta ɗura wani harsashin da kanta, wadda ake yawan gani a hannun masu gadi, ita ma ba ta cikin waɗanda aka sassauta ba. A 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, tana cikin jerin da aka lissafa.

Gida na biyu shi ne na bindigogin farauta ƙirar waje, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa a saka harsashi, har da bindigar iska ta harbin tsuntsaye. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Riƙe su babu lasisi na iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Gida na uku kuma shi ne na bindigar toka da danginta, waɗanda muke ce wa harba-ka-ruga. Al'amarinsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sun fi sauƙi, amma sauƙi ba yana nufin babu doka a kansu ba, kamar yadda da yawanmu muka ɗauka.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Lasisi na mutum ne, ba na bindiga ba ne. Ranar da mai shi ya rasu, izinin ya bi shi. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal ya riƙe bindigar da marigayin ke da lasisinta. Daga nan, idan ba ka yi komai ba, kai ne mai riƙe da makami ba bisa ƙa'ida ba, ko da littafin mahaifinka na cikin aljihunka. Ka lura, mu a al'adarmu ba a cika taɓa kayan mamaci ba sai bayan sadakar arba'in, wani gidan ma sai an shekara ba a raba gado ba. Kafin a zauna rabon, wa'adin ya wuce tuni. Ni ma wani abokina lauya ne ya ja hankalina da ya zo gaisuwa, ya ce, "Malam, komai na ɗakin nan zai iya jira, ban da wannan."

Zuwa wurin hukuma

Kada ka naɗe bindiga a tabarma ka hau acaɓa ka nufi caji ofis. Idan aka tare ka a hanya, a Ƙofar Doka ko a Kwangila, kafin ka gama bayani an riga an yanke maka hukunci. Ka fara da mai unguwarku. Ka gaya masa abin da ka tarar, ka roƙe shi ya raka ka, ko ya ba ka takarda mai sa hannunsa. Ku je wurin baturen 'yan sanda na yankinku hannu rabbana, da rana tsaka, ɗauke da takardar shaidar rasuwa, da tsohon lasisin idan akwai, da katin ɗan ƙasa naka. Su za su ce ka kawo ta ranar kaza, ko su haɗa ka da jami'in da zai zo gida ya ɗauka.

Kafin ranar, ka ɗauki hoton bindigar ta kowane gefe, ka rubuta lambar da ke jikin ƙarfenta. Ranar da za ka miƙa, kada ka fito sai da takardar karɓa mai ɗauke da irin bindigar, da lambarta, da yawan harsasan, da sunan jami'in da ya karɓa, da hatimi, da kwanan wata. A nan na sha wahala. A ofishin da muka je, wanda muka tarar a kan kanta ya ce mu ajiye mu tafi, babu komai, ai an san mai unguwa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba rashin yarda ba ne, magada ne da yawa, dole in nuna musu shaida." Muka zauna a kan benci daga hantsi har bayan la'asar kafin mai sa hannu ya dawo. Ban yi nadamar zaman ba. Bindigar da ta bar hannunka babu takarda, idan gobe aka tsince ta a wurin da aka yi ta'asa, lambarta sunan gidanku za ta kira. Ka yi kwafin takardar guda uku, ka ba mai unguwa ɗaya.

Idan kuwa abin da ka tarar yana cikin gida na farko ne, wato haramtacce, kada ka taka ko'ina sai da lauya. Akwai kuma cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma ba ta cikakkiyar doka a 2024. Tattara irin waɗannan makamai da lalata su na cikin aikinta. Abin da ba za ka yi ba shi ne jefa ta a rijiya ko a rafin Kubanni, ko binne ta a gona. Rani zai yi, ruwa ya janye, yaro ya tsinta.

Ka kuma sanar da malamin da zai raba gado. Bindiga dukiya ce, tana da ƙima, marayu na da haƙƙi a cikinta. Amma ba kamar keke ko agogo ba ce da za a ce wane ya ɗauka. Doka ba ta yarda ka sayar ko ka kyautar da ita ga wanda ba shi da lasisi ba. Idan akwai magajin da ke so, sai a yi mata kuɗi a cire daga kasonsa, ita kuma ta zauna a ma'ajiyar hukuma har ya sami izini da sunansa. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne: ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ko ka cika su duka, ba dole ba ne a ba ka, ganin damar hukuma ne. Sannan a watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawan makaman da ke yawo a ƙasa. Don haka tambayar farko da za ka yi a hedikwatar 'yan sanda ta Kaduna ita ce ko ƙofar a buɗe take, kafin ka ba wani ɗan kamasho ko sisi. Duk wanda ya ce zai kawo maka lasisi har gida ba tare da ka bayyana a gaban hukuma ba, takardar banza zai sayar maka.

Musun da muka yi da ƙanena

Ba cikin sauƙi muka kai ga miƙa bindigogin nan ba. A watan Yunin shekarar ne aka shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da ke nan Zariya da dare aka kwashi ɗalibai da malamai. Unguwannin bayan ganuwa ba a barci da ido biyu rufe. Mutanen Giwa da na Birnin Gwari kuwa sun riga mu ganin abin da ya fi haka. Ƙanena ya ce, "Yaya, yanzu a wannan marrar za ka ɗauki abin da Baba ya bar mana ka kai wa waɗanda in an kira su ba sa zuwa sai gari ya waye?" Ban sami amsa nan take ba, domin maganarsa na da nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu. Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa irin haka a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga, 'yan sanda kuma suka ce ba su da wannan shirin. Addininmu ma bai ce ka naɗe hannu ba, hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Tsarin mulkin 1999 shi ma ya amince da kare kai gwargwadon buƙata. Abin da bai bayar ba shi ne 'yancin mallakar makami.

A nan ne masu kawo misalin Amurka ke kuskure. Su can tun 1791 suka rubuta wannan 'yancin a tsarin mulkinsu, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙi ne na kowane mutum a kan kansa. Yau bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa, kusan 120 ga kowane mutum 100. A 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Wannan adadin na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, domin yana nuna wa bindigar gida ta fi samu. Ita kuwa Ostireliya, bayan wani mutum ya kashe mutane 35 a Port Arthur a 1996, sai gwamnati ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Mu nan ba Amurka ba ne, ba Ostireliya ba ne. An ƙiyasta akwai makamai kusan miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, mafi yawansu babu rajista. Ashe ba ƙarancin bindiga ke damunmu ba.

Na ce wa ƙanena ya kalli abin da ido. Masu zuwa da dare su ashirin ne ko talatin, a kan babura, kowa da AK-47. Kai kana da mai baki biyu da harsashi bakwai da suka girme ka. Harbi biyu za ka yi, sannan sun san ɗakin da za su nufa. A sauran kwanakin shekara kuwa, bindigar tana ɗaki ɗaya da 'ya'yanka, da faɗan kishiyoyi, da rikicin iyakar gona, da matashin da ya fara shan abin da bai kamata ba. Mun kuma ga abin da ya faru a Zamfara da 'yan sa-kai suka ɗauki makami babu mai tsawata musu: aka riƙa kashe Fulani a kasuwa kan zargi kawai, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar ta ci kowa. Abin ya ba ni takaici har a harshe. Muna yara, idan aka ce 'yan bindiga, mutanen Sarkin Bindiga muke nufi, masu yi wa Sarkin Zazzau rakiya ranar hawan sallah, hayaƙin albarushi na tashi a ƙofar fada muna toshe kunne muna murna. Yau kalmar ta koma sunan masu satar mutane.

Amma ban yarda da rufe ƙofa ruf ba. Manomin da birai da gyadon daji ke cinye masa masara, da maharbin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, idan ka hana su hanyar halal ba ajiye bindigar za su yi ba, ɓoye ta za su yi, ka mayar da mutumin kirki mai laifi, ɓarawon daji kuwa dama bai taɓa neman lasisin kowa ba. Abin da nake fata shi ne a sake duba dokar 1959, a buɗe rajistar bindigogin farauta a matakin ƙaramar hukuma, mai unguwa da dagaci da Sarkin Baka su tsaya wa mutum shaida, a buga wa kowace lamba, a riƙa dubawa duk shekara. Tsaron gari kuma a bar shi ga rundunar da ke da horo da albashi da shugaban da za a tuhuma idan an yi ɓarna, irin 'yan sintirin jihar Kaduna, ko rundunar da Katsina ta kafa a 2023, ko Askarawan Zamfara na 2024. Su ma sai an sa musu ido.

Ga wanda yake da izini kuma zai ci gaba da riƙewa, abubuwan kiyayewa kaɗan ne amma ba a sassauta su. Kada ka bar lasisi ya mutu a hannunka, ka sabunta shi a kan lokaci. Bindiga ta kwana babu komai a cikinta, a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wurin daban da nasa kwaɗon. Kada ka ara wa kowa, ko ɗanka na cikinka. Kada ka kai ta wurin mai walda ya rage mata tsawo, laifi ne. Idan ta ɓata ko an sace, ka kai rahoto a ranar. Kada ka fito da ita wurin biki don a ji ƙara, abin da ya tashi sama sai ya sauko a kan wani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani.

Tafiya da ita kuwa, ina roƙon 'yan'uwana maharba su yi tunani sau biyu. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare motar mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin sallah. Aka ga bindigogin toka a motar, aka yi musu ihun masu garkuwa, aka kashe mutum 16. Zalunci ne tsagwaronsa, laifin kuma na waɗanda suka kashe su ne. Amma ya nuna mana yadda ƙasar ta koma: abin da a garinku kowa ya san kayan sana'a ne, a wani garin hukuncin kisa ne. Idan tafiyar ta zama dole, ku tafi da lasisi da katin ƙungiyarku, ku sanar da 'yan sandan inda kuka tashi da na inda za ku, shugabanninku su yi magana da sarakunan garin tun kafin ku isa.

Ta tokar nan mai tsaga mun sallama ta gaba ɗaya, Kawu da kansa ya ce ba ta da sauran amfani. Mai baki biyun aka yi mata kuɗi, ta faɗa kason ƙanena, tana ajiye a wurin hukuma da takardarta. Har yau idan aka kwana da labarin an shiga wani ƙauye, yakan kira ni da sassafe ya ce, "Yaya, ka ji ko?" In ce na ji. Shi ya shiga cikin masu sintirin unguwa da aka yi wa rajista, yana fita dare biyu a mako da tocila da usur. Kawu kuwa, da ya ga abin da muka sha, ya kira babban ɗansa a gabana ya nuna masa inda tasa take, da inda makullin yake, da inda takardar take, ya ce a rubuta a cikin wasiyyarsa cewa ranar da ya cika, kafin a yi sadakar bakwai a kai ta inda ya dace.